Ɗan Fari a Ajin Adabin Amurka

Tun da 'yan Adam suka fara kafa wa junansu doka, daga sarakunan da suka sa aka sassaƙa tasu a jikin dutse har zuwa 'yan majalisar da ke rubuta tasu cikin sanyin ofis, ban san wata doka da ta jijjiga al'umma daga tushe kamar wadda mahaifina ya kafa wa 'yan aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi da ke Dutse ba. Na karanta tarihin dauloli iya gwargwado, na ma koyar da wasu daga ciki, amma har yau ina kan bakana. Su dauloli haraji suke nema, ko soja. Shi mahaifina cewa ya yi sai yaro ya dubi tsabar idon malaminsa ya ce masa bai yarda ba.

Wata tafiya ce ta jawo mana. Mahaifina malamin Ingilishi ne, kuma a shekarar da na gama aji ɗaya aka saka shi cikin malaman da za su je wani gajeren kwas a Amurka. Ya tafi lokacin da ake tsananin sanyi a can, ya yi 'yan makonni, daga baya kuma muka ji cewa rabinsu a kwance ya yi su da mura. Ragowar rabin dai ya ishe shi. Ya dawo da kofin shayi mai rubutu a jiki, da taswirar ƙasar mai faɗin tabarma, da littafin gajerun labarai guda ɗaya, da wani ɗan tari da yakan yi kafin ya ce "a can". A can ba a durƙusa wa malami. A can yaro yakan yi tambaya. Kakata, wato mahaifiyarsa, ta saurare shi daga bayan labule har ya gama, sannan ta tambayi ƙanwata ko a can ɗin ba sa tuƙa tuwo ne, don ta ga wanda ya dawo ya rame.

A ƙofar makarantarmu an rubuta cewa ta ƙasa da ƙasa ce, ko da yake ɗalibin da ya fi kowa nisan gida daga Kafin Hausa ya zo, yana zaune wajen kawunsa. Ana nan sai malamin Faransanci ya sami aiki a sakatariya ya tafi, ya bar awarsa babu mai ita. Mahaifina ya je ya roƙi shugaban makaranta ya ba shi ita ya koyar da Adabin Amurka. Shugaban ya ji sunan ya yi masa daɗi a baki, ya amince nan take, ya sa aka ƙara shi a allon talla na bakin titi, a ƙasan "ɗakin kwamfuta" wanda shi ma muna jin labarinsa.

Ranar farko muka miƙe kamar yadda muka saba, muka haɗa baki za mu rera gaisuwa, sai ya ɗaga hannu ya ce daga yau an daina. Ya sa muka ja bencuna muka yi da'ira, abin da ya cinye rabin awar, don an ƙera bencunan ne da niyyar su tsufa a inda aka ajiye su. Ya manna taswirarsa a bango, a bayan kujerarsa. Sannan ya yi tarin nan ya fara karanto mana abin da yake buƙata daga gare mu.

Babu bulala a ajinsa. Wannan ta sami karɓuwa. Wanda ya makara ba za a sa shi tsallen kwaɗo ba, maki za a rage masa, kuma mun daɗe kafin mu gane cewa wannan ta fi ciwo. Mai son fita bayan gida ba sai ya nemi izini ba, akwai wani ɗan katako da aka rataye a jikin ƙofa, ya ɗauka ya fita, in ya dawo ya mayar. Kafin mako ya zagayo wani mai hankali ya ɗaure katakon a wuyan buta, tunda dai tare suke fita, kuma haka suka zauna har ƙarshen shekara. Ya ce bayan an tashi zai zauna a gindin darbejiya, duk mai son tattauna littafi ya zo. Ya zauna ɗin kuwa, da kofinsa, amma waɗanda suke zuwa duk 'yan unguwarmu ta Limawa ne masu fatan a rage musu hanya a babur.

Akwai kuma dokar kwafi. Ya ce duk wanda ya ɗauko maganar wani ya rubuta ba tare da ya ambaci mai ita ba, ɓarawo ne. Nan muka dubi juna, domin tun daga firamare abin da ake ba mu kyauta a kai ke nan: ka haddace abin da malam ya rubuta a allo, ka mayar masa da abinsa ranar jarrabawa ba ragi ba ƙari, har da kuskuren da ya yi in ya yi. Yanzu an wayi gari an ce sana'ar da muka ƙware a kai sata ce. Muka nemi mafita muka samu. A aikin gida na farko, kowace jimla sai da muka liƙa mata "in ji Malam" a gindi. Wata yarinya har kwanan wata ta ce in ji Malam.

Duk waɗannan wasa ne. Babbar ita ce ta ƙarshe, dokar musu. Ya ce a ajinsa ba a cin maki da shiru. Zai riƙa kiran kowa da sunansa, wanda aka kira ya dube shi ido cikin ido, ya faɗi inda bai yarda da shi ba game da abin da aka karanta, ya kuma kawo hujja. In Ingilishi ya ƙare wa mutum a tsakiyar hanya, an yarda ya ƙarasa da Hausa. Ya fito da gwangwanin madara cike da murafen kwalbar lemo da ya ɗiga wa jan fenti. Duk wanda ya yi musu mai ma'ana za a ba shi murfi ɗaya. Wanda zango ya ƙare bai da ko ɗaya ya faɗi darasin, ko da ya cinye jarrabawar rubutu duka.

A makon ne kuma shugaban makaranta ya sanar a taron safe cewa bana ba sani ba sabo, duk wanda ya faɗi darasi ko da ɗaya ne zai maimaita aji. Wani ya tambayi mahaifina ko har da nasa. Ya ce darasinsa darasi ne kamar kowane.

To, ni ne ɗan farinsa.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma a gidanmu an riƙe ta kamar aikin gwamnati. Mu Fulani ne, ko da yake shanun da suka rage mana suna hannun baffana a wani ƙauye wajen Kafin Hausa, sai da salla muke gaisawa da su. An bar daji, an shiga gari, an sa wando da kwat, amma ita wannan an taho da ita cikin kaya. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Mahaifina bai taɓa faɗin sunana ba, mahaifiyata ma haka. Ni ma ban taɓa ce masa Baba ba, Malam nake cewa, kamar yadda na ji maƙwabta suna faɗa. Idan yana da magana da ni, iska yake gaya wa. Sai ya tsaya a tsakar gida ya ce wani ya bar keke a zaure, ko kuma ana ta kiran salla wasu suna kwance. In maganar ta fi ƙarfin iska, sai a kira ƙanwata, wadda take bi na, a ba ta saƙo ta kawo, ko da kuwa tsakanina da shi bai wuce tsawon tabarma ba. Ita kam 'yar gata ce. Tana hawa bayan babur ɗinsa, tana ce masa Baba, tana ma cin naman da ya rage.

Kada a ɗauka ƙi ne. Tayar kekena ba ta taɓa kwana a sace ba, kuma ban taɓa ganin wanda yake ba ta iska ba. Lokaci lokaci nakan tarar da littafi a kan tabarmata, in na tambaya a ce wani ne ya manta shi. Haka muke, kuma zaman bai taɓa damun kowa ba sai da Amurka ta shigo ciki.

Ya raba mana dokokin a takarda ya ce kowa ya kai wa mahaifinsa ya sa hannu. Na riƙe tawa na rasa inda zan nufa da ita. Daga ƙarshe kakata ta dangwala mata babban yatsa da shuɗin biro, bayan ta sa na karanta mata. Da na zo kan dokar musu sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce su mutanen can ba sa haihuwar 'ya'yan fari ne, daga na biyu suke farawa?

Aji ya ɗauki lokaci kafin ya koyi rashin kunya. Makonnin farko in ya kira suna, mai sunan sai ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da Malam ya faɗa daidai ne. Ya ce bai yarda ba, a sake. Wani ya ce to bai yarda ba, aka ce da me, ya ce da duk abin da Malam yake so kada a yarda da shi. Wanda ya fasa ƙofar shi ne abokin zamana a benci, ɗan gidan malamai ne a unguwarmu, mahaifinsa yana da makarantar allo da zauren karatu. Mun zaci shi zai fi kowa shan wahala, ashe ya tashi ne yana zuba wa manya shayi suna kai ruwa rana a kan mas'ala ɗaya daga azahar zuwa la'asar. Musu a wajensa abinci ne. Yakan fara da neman gafara, ya yi wa Malam addu'ar ƙarin ilimi, sannan ya rushe duk abin da aka gina tun safe. Kafin tsakiyar zango aljihunsa ƙara yake yi in yana tafiya, kamar akuya mai ƙararrawa. Da sauran suka ga an yi wa malami musu kuma rufin aji bai faɗo ba, sai kowa ya shiga. Har ta kai malamin lissafi ya kai ƙara ofis cewa an fara ce masa a kawo hujja.

Ni kuwa ina zaune. Mahaifina yakan bi da'irar nan yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kaina sai tari ya kama shi, ko ya tuna bai goge allo ba, in ya juyo sai ya ci gaba daga na kusa da ni. Ba zai iya kiran sunana ba, doka kuma ta ce sai an kira mutum. Ko da ma an kira, ni ban ga ta inda zan fara ɗaga ido in dubi mutumin da ban san kalar ƙwayar idonsa ba in ce masa ya yi kuskure. 'Yan aji sun gane, ba wanda ya yi dariya a fili, don rabinsu su ma suna da yaya a gida da ake kira "wancan". Abokin zamana ya ce zai sam mini murfi uku daga nasa. Na ce wa zan nuna wa? Mai gwangwanin ya san bai ba ni ba.

Na san kuma ba zai ɗaga mini ƙafa ba. A ce malami ya ba ɗansa makin da bai ci ba, wannan abin kunya ne a can. A ce Bafillace ya fifita ɗan farinsa a gaban jama'a, wannan abin kunya ne a nan. Karo na farko ke nan da Amurka da rugar kakannina suka yi ittifaƙi a kan abu ɗaya, kuma a kaina suka yi shi.

Ƙanwata tana aji ɗaya a lokacin, aji guda ne tsakaninmu. Ita ta fara lissafa abin da zai biyo baya, ta kuma ji daɗin lissafin. Kullum muka dawo sai ta tambaye ni murfi nawa yau, a gaban kowa. Wata rana ta same ni ina wanke kayan makaranta ta ce, "Yaya, kada ka damu, na riga na share maka gefen bencina. In ba ka gane abu ba sai ka tambaye ni, amma ka ɗaga hannu tukuna." Na yi mata alkawarin duka. Ta ce a can ba a duka.

Na gwada aika saƙo ta hannunta, tunda ita ce gidan wayarmu. Na ce ta gaya wa Malam akwai wanda dokarsa ta rufe wa ƙofa ta ciki da ta waje. Ta je ta dawo ta ce Baba ya ce a gaya wa mai saƙon cewa maganar makaranta a gindin darbejiya ake yin ta. Washegari na je gindin darbejiyar. Na tsaya daga nesa, shi yana zaune yana kallon cikin kofinsa, ni ina kallon takalmina. Muka daɗe a haka, kowa yana jiran iska ta fara magana. Daga ƙarshe ya tashi ya buga babur ɗinsa, na hau kekena, muka isa gida kusan tare.

Saura darasi ɗaya a rufe musu a shiga jarrabawa, na kai kukana ɗakin kakata. Tana zaune tana tsince wake bayan la'asar. Tsakanina da ita babu kunya ko ta sisin kwabo, maigidanta take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, muna zagin juna tun ina rarrafe. Ta ji bayanina ta ce ita dai ta yi asarar miji, ƙato har da gashin baki amma murfin lemo ya gagare shi, gara ta koma wa na da, ko da yake yana kabari. Na ce ai ɗanta ne ya jawo. Ta ce ita ba ta san wanda nake nufi ba. Shi ma ɗan farinta ne, shekara hamsin tana kiransa "mutumin nan".

Sai da ta gama cin mutuncina sannan ta ba ni labari. Ta ce lokacin da mutumin nan yana saurayi, a ruga, ya so ya bar kiwo ya tafi kwalejin horon malamai, kuma babu bakin da zai gaya wa mahaifinsa. Sai ya bari da safe ana tatsa, tsohon yana tsugune a gindin wata saniya, shi kuma ya je ya dafa wata ta kusa, ya shiga gaya mata. Ya ce mata shi fa zai tafi karatu, ta yi haƙuri, ba ƙin ta ya yi ba. Tsohon bai ɗago ba, ya gaya wa tasa saniyar cewa masu tafiya karatu sai su bari a sayar da maraƙi tukuna, kada su tafi hannu sake. Ta ce haka ake yi tun kakanni, maganar da ta fi ƙarfin ido dabba ake gaya wa.

Na ce, "To amarya, a ajinmu ai babu saniya."

Ta ce, "Aji guda cur a rasa saniya? Ka dai duba da kyau, maigida."

Na duba. Abokin zamana ya ce in ina so shi zai zama saniyar, amma na ga ba zai iya yin shiru ba. Na yi tunanin butar nan ta bakin ƙofa, na ga kamar za a ce raini ne. Sai idona ya faɗa kan taswira. Tana manne daidai bayan kansa, kuma akwai wani tafki shuɗi a samanta da yake leƙowa ta saman hularsa in yana zaune. Duk wanda ya kafa wa tafkin nan ido, daga gefe sai a rantse Malam yake kallo.

Labarin da aka ba mu na ranar gajere ne, fotokwafinsa ya yi baƙi a gefe kamar an gasa shi. Wani manomi ne mai gonar tuffa, abin da mu a leda muka san shi a bakin titi, guda uku a jere. Yana da ɗa da yake so ya gaje shi, shi kuma ɗan birni yake so ya tafi ya koyi gyaran agogo. Wata safiya suna cin abinci a tebur yaron ya dubi uban ya gaya masa ba zai zauna ba, ya ɗauki akwatinsa da ke bakin ƙofa, ya buga ƙofar ya fita. Mahaifina yana ƙaunar labarin nan. Ya ce ga zuciyar adabin ƙasar gaba ɗaya, mutum ya tsaya da ƙafarsa ya faɗi abin da ke ransa a gaban ko wane ne. Ya ce yaron ya yi daidai, mai ja ya ja.

Aka ja. Abokin zamana ya kawo hujjoji a kan haƙƙin iyaye har sai da aka ce ya bar wa wasu. Wata ta ce ita ƙofar ce ta ba ta tausayi. Da'ira ta zagayo, tari ya zo a inda ya saba zuwa, aka wuce ni. Lokaci ya kusa cika, gwangwani yana hannunsa zai rufe. Sai ya juya wajen taga, kamar mai duba ko hadari ya taso, ya ce da tagar akwai wani a ajin nan da ba a ji bakinsa ba tun farkon zango, kuma yau ce ranar ƙarshe.

Na miƙe, ko da yake an hana miƙewa. Na kafa wa tafkin ido. Na fara da Ingilishi, ya kai ni jimla biyu ya ajiye ni, na hau Hausa.

Na gaya wa taswira ban yarda ba. Na ce tafiyar yaron ba laifi, kowa da abin da Allah ya hore masa, amma faɗar da ya yi a tebur ido cikin ido aikin banza ne. Gidan ba su da ƙanwa ne da za a aika? Babu baffa? An ce a labarin suna da doki a bayan gida, me ya hana shi zuwa ya gaya wa dokin? Aji ya fashe da dariya. Mahaifina bai yi ba, na dai ga hularsa ta ɗan motsa a ƙasan tafkin.

Ya tambayi taga, in yaron bai faɗa da bakinsa ba, ta yaya uban zai san abin da ke ransa?

Na ce, "Uban ya sani tun tuni. A farkon labarin an ce akwatin yana can saman rumbu ƙura ta rufe shi. Da safe kuma ga shi a bakin ƙofa a goge, har an sa wa makullinsa mai. Yaron bai hau ba, an nuna mana yana barci. Uwar ta rasu. Doki ba ya hawa tsani. Wa ya sauko da shi?"

Aka ji ƙarar takardu, kowa yana komawa shafin farko. Shi ma ya duba nasa, ya daɗe yana dubawa fiye da tsawon shafin. Sannan ya ce wa taga marubucin bai ce uban ne ba.

Na ce wataƙila shi ma marubucin yana jin kunya ne.

Da na ga ban mutu ba, sai na ƙara. Na gaya wa tafkin cewa doka ta ce ba a magana sai an kira mutum da suna, ni kuwa ba a kira ni ba. Saboda haka ko dai dokar ba ta zaunu ba, ko kuma duk abin da aka ji yanzu ba a ji shi ba, Malam ya zaɓa. Na zauna.

Mahaifina ya ɗauki kofinsa ya leƙa ciki, babu komai, ya ajiye. Na ga ya buɗe baki, kuma na rantse a lokacin na zaci zai faɗe shi, har na ji tsoro ya kama ni, don ban san yadda sunana zai yi a bakinsa ba, ban kuma san inda zan sa kaina in ya fito ba. Sai ya yi tarin nan nasa. Ya sa hannu a gwangwani, ya zagayo, ya ajiye murfi biyu a gaban abokin zamana.

Ya ce, "Musu biyu ne. A miƙa wa mai su."

Abokin nawa ya fara cewa ai bisa ƙa'ida wanda aka ajiye wa abu a gabansa shi ne mai shi, na murɗe masa hannu a ƙarƙashin benci na karɓi kayana.

Da yamma ƙanwata ta zo ɗakin kakata da fuska a ɗaure ta ce Baba ya ce a gaya wa wani cewa Ingilishinsa yana buƙatar gyara. Kakata ta tambaye ni ko mutumin nan ya faɗi sunana a gaban mutane. Na ce bai faɗa ba. Ta tambaya ko na dube shi. Na ce tafki na duba. Ta yi hamdala ta ce ashe ba a lalata mata gida ba, ta kuma ce ta fasa komawa wa na kabarin, za ta ƙara mini shekara ɗaya ta gani. Washegari na tarar da wani ya manta ƙamus a kan tabarmata.

Na shiga jarrabawar rubutu da zuciya ɗaya. Ya matse ni a maki kamar yadda na zata, ya ja jan biro a ƙarƙashin kusan kowane layi, amma na haye. Murafen nan biyu na zuba su a aljihun gaba ina tafe ina taɓawa, kuma suna nan har yau a cikin kofin da nake ajiye alli. Ni ma yanzu ina koyarwa, na kuma gwada dokar musu a ajina, sai dai 'ya'yan yanzu ba sa buƙatar murfi kafin su yi. Mahaifina ya yi ritaya, yana zaune a Limawa yana gaya wa jikokinsa yadda ake yi a can. Har yau bai faɗi sunana ba. Ɗana na fari ma, in ya zo gaishe shi, shi yake kawo mini saƙo.

Ranar da aka raba katin sakamako na karɓi nawa na fita bayan aji, don ina so in ga makin nan da idona kafin ƙanwata ta gani. Na bi darussan da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa har sama. An buga katin tun kafin mahaifina ya tafi kwas, kuma ba a sake buga wani ba. Akwai gurbin Faransanci, an ja masa layi. Babu Adabin Amurka a ciki.